Ɗana mai shekara 16 ya faɗa cacar ƙwallo a waya, in sake biya masa bashin?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara 16. Kwanakin baya na lura kuɗi suna raguwa a asusuna kaɗan-kaɗan, da na bincika sai na tarar shi ne yake ɗaukar wayata yana turawa cacar ƙwallo. Ya yi kuka, ya rantse ya daina, ni kuma na biya bashin da abokansa suke bin sa ba tare da mahaifinsa ya sani ba. Yanzu ga shi ya koma. Ya sayar da agogonsa da takalman ƙwallonsa, karatunsa ya ja baya, ba ya barci da dare. Ya ce min saura kaɗan ya ci babba ya mayar min da kuɗina. Wannan cuta ce ko rashin ji? In sake biyan bashin? In gaya wa mahaifinsa? Wallahi na rasa inda zan sa kaina."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yaye, ya shirya mana zuri'a. Tambayoyinki uku ne, bari in fara da gajeriyar amsa kafin bayani. Abin da kika siffanta ya wuce rashin ji, alamomin jarabar caca ne. Kada ki sake biyan bashin a ɓoye yadda kika yi da farko. Mahaifinsa kuma ya kamata ya sani, sai dai a tsara yadda za a gaya masa. A kan waɗannan zan ƙara abu ɗaya da ya fi su duka muhimmanci: rantsuwar yaro ba ta tsayar da caca matuƙar hanyar kuɗi da wayar suna hannunsa. Daga nan ake fara gyara.

Cuta ce ko rashin ji?

Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya cacar da ta fi ƙarfin mai yin ta cikin littafinta na cututtuka. A bugun 2013 ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, domin bincike ya nuna hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Alamomi tara ake dubawa cikin watanni 12: ƙara yawan kuɗin da ake zubawa kafin a ji daɗin da ake ji a da, fushi da rashin natsuwa in an yi ƙoƙarin ragewa, yunƙurin dainawa a kasa, tunanin caca ya cika kai, gudu zuwa caca in rai ya ɓaci, komawa don fanshe asara, ƙarya don ɓoye abin, lalacewar karatu ko aiki ko zumunci, da dogaro da wasu su fitar da mutum daga matsin kuɗi. Huɗu daga ciki sun isa a ce akwai cutar. Huɗu ko biyar mai sauƙi ce, shida ko bakwai matsakaiciya, takwas ko tara mai tsanani.

A wasiƙarki kaɗai ina ganin aƙalla huɗu: ya ɓoye miki, ya yi alkawarin dainawa ya kasa, ke kika biya masa bashi, kuma yana neman fanshe abin da aka cinye. Ga karatu ya fara taɓuwa. Hukunci na ƙarshe sai wanda ya zauna da yaron ido da ido, ba a yanke shi daga wasiƙa. Amma wannan ya isa ki daina ɗaukar lamarin a matsayin ƙuruciya da za ta wuce da kanta.

Kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce "saura kaɗan in ci babba in mayar miki". Wannan ita ce zuciyar cutar. A farko yaro yana caca don nishaɗi da burge abokai. Daga ranar da ya taɓa kuɗin da ba nasa ba, dalilin ya canza: yanzu yana caca ne don ya rufe ramin kafin a gano. Kunyar abin da ya yi miki ita ce take mayar da shi. Yawancinsu da gaske suke yi in sun rantse, kuma da gaske suke nufin mayar da kuɗin. Hanyar da suka sani ta mayarwa ce kawai ta zama cacar kanta.

Me ya sa take kama matasa da sauri

Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake taka wa mutum birki ya sa shi auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da yake son lada da zumuɗi kuwa tun farkon balaga yake aiki da ƙarfinsa. Sinadarin dopamine da ke motsa wannan sashe ya fi tashi a lokacin jira cikin rashin tabbas, wato tsakanin danna maɓalli da fitowar sakamako. Tun shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna a kan tattabaru cewa ladan da ke zuwa ba a san yaushe ba shi ne ya fi dasa ɗabi'a, kuma shi ya fi wuyar cirewa. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a jami'ar Kambirij suka nuna cewa kuskure cin da kaɗan yana kunna wuraren da cin gaske yake kunnawa a ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara sha'awar ci gaba, alhali kuɗin sun tafi. Rahoton kwamitin mujallar Lancet Public Health na 2024 ya kiyasta cewa cikin matasan da ke cacar wasanni kusan ɗaya cikin shida na iya kamuwa da cutar, cikin masu cacar na'ura ta intanet kuma kusan ɗaya cikin huɗu. Duka biyun sun zarce na manya.

Ba kowane yaro ne yake shiga ta ƙofa ɗaya ba, kuma sanin ƙofar yana canza maganin. Masana biyu, Blaszczynski da Nower, sun kasa hanyoyin uku a 2002. Akwai wanda lafiyarsa ƙalau, abokai da talla da wani ci da ya yi a farko suka ja shi. Wannan ya fi saurin warkewa. Akwai wanda dama yana ɗauke da damuwa ko fargaba ko wani ɓacin rai a gida ko makaranta, caca ta zame masa mafaka. In aka ƙwace cacar ba a taɓa damuwar ba, wata mafakar zai nema. Na uku shi ne mai gaggawa tun yana ƙarami, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko jiran abu, sau da yawa tare da shaye-shaye ko rigima. Ki tuna yadda ɗanki yake kafin cacar, likita zai tambaye ki wannan.

Sai kuma abin da ke kewaye da shi. Tallan caca ya cika ƙwallo har ƙungiyoyin Firimiyar Ingila suka amince a 2023 su cire shi daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26, Italiya kuma ta haramta tallan tun dokar 2018. Wasannin bidiyo da yawa suna sayar da akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Beljiyam ta ayyana irin wannan a matsayin caca a 2018. Yara da yawa a nan suke koyon ɗanɗanon abin tun kafin su san kamfanin caca.

Lissafin da ba a nuna masa ba

Ɗanki ya yarda ya san ƙwallo, don haka yana ganin abin da yake yi ilimi ne. Wa'azi ba ya rushe wannan tunani, amma biro da takarda suna taɓa shi. Ki sa wani da yake girmamawa ya zauna da shi su yi lissafin nan tare.

A ɗauki wasa tsakanin ɓangarori biyu masu ƙarfi ɗaya, babu canjaras. Mutum ɗaya ya zuba 100 a kan wannan, wani ya zuba 100 a kan wancan. Da adalci ake yi, wanda ya ci zai karɓi 200. Kamfani 190 yake biya, ya riƙe 10. Ko wa ya ci, kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka zuba sun zama nasa. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Matasa kuwa tikiti mai wasanni da yawa suke so, saboda ƙaramin kuɗi yana nuna babban ci a allo. A irin wannan tikiti rabon kamfani yana hawa kan kansa a kowane wasa. In wasanni goma ne, kowanne da wancan kashi 5, to duk 100 da aka zuba abin da ke dawowa a tsawon lokaci bai kai 60 ba.

Ga wanda ya fi ba su mamaki. A ce gwani ne, yana canka kowane wasa daidai sau bakwai cikin goma. Damar ya ci wasanni goman gaba ɗaya ba ta kai 3 cikin 100 ba. Damar ya ci tara, ɗaya ya ɓata masa tikiti, ta kai 12 cikin 100. Wato "wasa ɗaya ne ya yanke ni" zai faru da shi fiye da sau huɗu a kan kowane ci guda. Shi yana ɗaukar hakan alamar ya kusa. A gaskiya haka aka gina tikitin.

Ki duba ko ya tsallaka daga ƙwallon gaske zuwa ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintoci, ko wasan jirgin da ke tashi ana cire kuɗi kafin ya ɓace. Rashin barcin da kika ambata ya sa nake zargin haka, domin waɗannan ba su da lokacin rufewa. Sun fi haɗari saboda saurinsu. Ko da wasa yana mayar da 97 cikin 100, wanda yake sake zuba abin da ya dawo masa zai rasa rabin kuɗinsa bayan juyi 23, kuma ana iya yin juyi 23 kafin a gama shan iska a ƙofar gida. Dabarar ninkawa bayan kowace asara ma haka take: wanda ya fara da 100 ya faɗi sau bakwai a jere ya riga ya rasa 12,700, kuma sai ya zuba 12,800 a karo na takwas don neman ribar da ba ta wuce 100 ba. Masu sayar da "tabbataccen sakamako" a Telegram da WhatsApp kuwa, wasu damfara ce tsagwaronta, wasu kuma kamfanin ne yake ba su kaso daga asarar duk wanda ya yi rajista ta hannunsu.

A fara da kuɗi

Yau ɗin nan ki canza lambar sirrin wayarki, ta manhajar banki da ta katin cirar kuɗi, kuma kada ki danna su a gabansa. In an taɓa sa zanen yatsansa a wayarki, ki goge. In ya taɓa riƙe katinki, ki ɗauka ya kwafi lambobin gaba da baya, ki sa banki ya soke shi ya ba ki sabo. Ki kunna saƙon da ke shigowa a kan kowace fitar kuɗi, ki kuma riƙa duba asusun da kanki, domin yara suna goge saƙon. Wasu bankuna suna da tsarin toshe biyan kuɗi ga kamfanonin caca, ki tambayi naki. Duk wanda yake gidan, har kakanni da yayye, ya yi haka. A nan ne ɓoye wa mahaifinsa yake cutarwa, domin ƙofar da kika rufe a wajenki tana buɗe a wajensa.

Ki nemi bayanin shige da ficen asusunki na watanni shida, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba ki gane ba. Sannan a buɗe asusun cacar tare da yaron a duba tarihin abin da ya zuba da abin da ya cire. Kusan kullum jimillar tana girgiza shi kansa, saboda ƙwaƙwalwa tana riƙe ranakun ci ta watsar da na asara.

A yawancin ƙasashe doka ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya yi caca, don haka akwai yiwuwar da sunan wani babba aka buɗe asusun, wataƙila ma da naki. Ki gano sunan wa ke kai. A rubuta wa kamfanin cewa mai amfani da asusun yaro ne, a nemi su rufe shi, a ajiye kwafin saƙon. In sun yi biris, a kai ƙara hukumar da ta ba su lasisi. Goge manhaja kaɗai ba ya rufe asusu, minti biyu ya isa a sake sauke ta. A wayarsa a sa manhajar toshe shafukan caca, irin su BetBlocker wadda kyauta ce ko Gamban ta kuɗi, a haɗa da Family Link in Android ce ko Screen Time in iPhone ce, yadda ba zai sauke sabuwar manhaja ba sai da izininki. Waya ta kwana a ɗakinki. Duk wannan yana iya zagaye shi da wayar aboki, kada ki ruɗi kanki. Amfaninsa shi ne sa tazara tsakanin sha'awa da aikatawa, domin sha'awar tana tasowa ne ta lafa cikin mintoci in ba ta samu hanya ba.

Kuɗin kashewarsa a mayar da shi na kullum, kaɗan, a hannu. Kuɗin makaranta, na jarrabawa da na littafi a biya kai tsaye, kada a aike shi da su.

Bashin kuwa, a zauna a rubuta shi duka: wa yake bi, nawa, tun yaushe. Ki sa rai jerin farko bai cika ba, sukan rage wanda ya fi ba su kunya, don haka ki sake tambaya bayan kwana biyu cikin natsuwa. Ki tambaya musamman ko ya ci bashi a manhajojin ba da rance, ko ya ba wani aron asusunsa a wuce da kuɗi ta ciki, domin wannan na biyun yana iya jefa shi hannun hukuma. Biyan bashi a ɓoye a shafe masa allo zuba ruwa ne a kwando: ya koyi cewa asara tana da mai ɗauka, masu ba shi rance kuma sun koyi cewa kuɗinsu ba ya ciwon kai. In akwai wanda yake masa barazana, babba ya je ya biya hannu da hannu, ya kuma faɗa wa mai bashin cewa duk wanda ya sake ba shi ya ba da ne a kan kansa. Kuɗin kada su bi ta hannun yaron. Sauran bashin, da wanda ya ɗauka naki, shi zai biya a hankali daga kuɗin kashewarsa ko wani aiki da zai yi, a rubuce, ko da zai ɗauki shekara. Ki faɗa masa da bakinki cewa ba kya son ko ƙwandala da ta fito daga caca. Wannan jimla tana kashe hujjar da yake ba kansa ta komawa.

Mahaifinsa, da yadda za a yi maganar

Ki gaya wa mahaifinsa ku biyu, lokacin da yaron ba ya nan, ki haɗa da cewa kin taɓa biya a ɓoye. Ku bar fushin farko ya sauka kafin a kira shi. In kin san mahaifin mai saurin hannu ne, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna a wurin. Duka da tozartawa a gaban ƙanne suna koya wa yaro ƙwarewa a ɓoyo ne kawai, kuma ɓoyo shi ne abincin wannan cuta.

In an zauna, a faɗi abin da aka gani ba tare da laƙabi ba. "Mun ga kuɗi kaza sun fita ranar kaza, mun san ka sayar da agogonka" ya fi "kai ɓarawo ne". A yi masa tambayoyin da zai yi magana: yaushe ka fara, wa ya nuna maka, wane lokaci ne abin ya fi taso maka, me kake ji in an cinye ka? Kada a nemi ya sake rantsuwa. A nemi abin da ake iya dubawa, kamar miƙa waya da ƙarfe goma na dare da zama duba asusu sau ɗaya a mako. A kuma yi masa alkawarin cewa in ya zame ya faɗa da kansa, ba za a hukunta shi a kan faɗar ba. Lokacin da cacar take ci, musamman yammacin ranakun wasa, a cike shi da wani abu na jiki da mutane. Tunda har ya taɓa mallakar takalman ƙwallo, komawa fili ya buga da ƙafarsa na daga cikin abin da zan fara nema masa. Kallon wasa kuwa a ɗan jingine shi makonnin farko, in an dawo a riƙa kallo tare, waya a ajiye.

Lokacin zuwa asibiti

Da alamomin da kika lissafa, ina ganin a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam yanzu, kada a jira karo na uku. Maganin da ya fi samun goyon bayan bincike na zama ne da tattaunawa, inda ake bin tunanin da ke kai shi caca ɗaya bayan ɗaya ana gwada shi da hujja, ana koya masa gane abin da ke tayar masa da sha'awar da abin da zai yi a madadinta. Ga matashi, sa iyaye cikin zaman yana ƙara amfani. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita musamman don caca. An gwada wani magani mai suna naltrexone a kan manya, amma wannan hukuncin likita ne, ba abin saya a kanti ba. In yana shan wani magani, ki nuna wa likitan, domin maganin ƙwaƙwalwa mai suna aripiprazole da wasu magungunan cutar Parkinson suna iya tayar da jarabar caca, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan na farkon a 2016. Akwai kuma ƙungiyar Gamblers Anonymous da aka kafa a 1957, da Gam-Anon ta iyalan masu caca, suna yin zama ta intanet, ko da yake yawancin mahalartansu manya ne.

Abu ɗaya ba ya jira. Cikin masu wannan cuta tunanin kashe kai yana da yawa, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan babbar asara ko ranar da asiri ya tonu. In kika ji yana cewa gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, ko ya fara rabar da kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Ki sa a ranki zai iya zamewa ko da komai yana tafiya daidai. In hakan ta faru, a bincika ta ina kuɗin suka fito da kuma wayar wa ya yi amfani da ita, a toshe wannan ƙofar, a sanar da likitansa, a ci gaba da tsarin. Kuɗi kuma a riƙa mayar masa da su mataki-mataki: na kullum ya koma na kwana uku, sannan na mako, kowane mataki bayan an ga makonni da dama asusu yana daidai kuma yana kawo canji da shaidar abin da ya saya. In yana da ƙanne masu amfani da waya, a duba nasu wayoyin ma a wannan makon.